Ranar da Na Yi Amshi a Gidan Italiyawa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wannan Juma'ar ba, ko da kuwa na so in manta. Yau sati uku ke nan, amma har yanzu tana faɗo mini a rai. Jiya ma ina cikin guga na tuna, sai da na kashe dutsen gugar na zauna a bakin gado. Yayata ce ta ce in rubuta, wai abin da aka rubuta yana rage nauyi a ƙirji. To ga shi ina rubutawa. In bai ragu ba, ita za ta amsa.

Ni 'yar Funtuwa ce. Sakandare na gama, sai wani ɗan kwas na kula da marasa lafiya. Yaya Zulai tana zaune a Al Wukair da mijinta, Dakta, wanda ke koyarwa a nan Doha. Shi ya ji ana neman wadda za ta kula da wata tsohuwa a Al Rayyan, shi kuma ya tsaya mini. Ya ce musu ya san tarbiyyata, yarinya ce mai natsuwa, ba a jin bakinta. (Allah ya yafe masa, bai san ƙarya yake yi ba.) Mai gidan injiniya ne ɗan Italiya, shi ne kafil ɗina, wato da sunansa na shigo ƙasar, da sunansa nake zaune. An yi da ni zan yi wata uku na gwaji. In sun gamsu a sabunta mini, in ba su gamsu ba in koma gida. Kafin ni an kawo mata biyu, babu wadda ta ga ƙarshen wata na uku. Ranar da abin ya faru saura kwana huɗu nawa ya cika.

Injiniya dogo ne mai furfura, ba ya son magana. An ce ya taɓa aikin titi a Najeriya shekarun baya, amma abin da na taɓa ji a bakinsa na Hausa "sannu" ne kawai, da safe, idonsa a kan waya. Tsoronsa nake ji ƙwarai. Da na ji ƙarar motarsa sai in hau gyara hijabi, ko da kuwa yana nan daidai.

Tsohuwar mahaifiyarsa ce. Kowa Nonna yake ce mata, wato kaka. Ta haura tamanin, 'yar ƙarama da ita, gashinta fari tas kamar auduga. Ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, jikin ya warware amma harshen ya yi nauyi, wani lokaci kalma takan maƙale mata a tsakiyar magana, sai ta tsaya tana harar iska har ta fito. Ta yi aikin ɗinki a Ingila tana budurwa, don haka tana da ɗan Turanci. Nata na ɗinki, nawa na sakandare, da suka haɗu sai suka yi daidai da juna.

Yanzu ga laifina, gara in faɗe shi da wuri. Likita ya hana Nonna shan kofi saboda hawan jini, baƙin kofin nan nasu mai ɗaci kamar maɗaci. An rubuta dokar an manna a jikin firij. A sati na biyu, bayan Injiniya ya fita aiki, ta riƙo bakin hijabina ta ce, "Rabin finjali. Ni kuma in koya miki abin da babu wanda ya iya a duk ƙasar nan." Na ce a'a. Washegari ma na ce a'a. A rana ta uku ta ƙi taɓa abin karyawa, ta juya fuskarta bango kamar jaririn da aka yaye. Na shiga kicin na ɗauko tukunyar kofi. Ramatu mai girkin gidan, 'yar Kumasi, ta dube ni ta dubi tukunyar kofin, ta juya baya tana yankan albasa.

"Ni ban ga komai ba," in ji ta. "Yalla, yi sauri kafin tsohuwa ya mutu da fushi." (Hausar Zango ce, a wurinta kowa "ya" ne.)

Abin da Nonna ta koya mini waƙa ce. Ba da Italiyancin makaranta take yin ta ba, da harshen ƙauyensu ne, can cikin duwatsu, wanda jikokinta ma sai sun kasa kunne suke tsintar rabi. Takan ce Italiyancin makaranta takalmin zuwa ofis ne, harshen ƙauye kuwa tafiya ce ba takalmi a kan ciyawa. Mijinta makiyayin tumaki ne, kuma gwani a wata irin waƙar gasa da ake yi ba kiɗa, ba rubutu, a tsaye, nan take. Ita ma ta iya, sai dai tun da ya rasu ciwon kuma ya same ta ba ta ƙara kai baiti ƙarshe a gaban mutane ba.

Ga yadda tsarin yake. Baiti ɗaya ɗango takwas ne. Kowane ɗango gaɓa goma sha ɗaya, ba ƙari ba ragi, takan ƙirga su a kan yatsuna, ta gama goma ta ɗan ja kunnena a matsayin ta sha ɗaya. In wasali biyu suka haɗu a tsakanin kalmomi, ɗaya ake ƙirga su, kamar mutum biyu da suka matsu a kujerar gaban adaidaita sahu. Amsa-amo kuma kitso ake masa: ɗango na ɗaya da na uku da na biyar ƙarshensu ɗaya, na biyu da na huɗu da na shida nasu daban, sai na bakwai da na takwas su riƙe hannun juna su rufe ƙofa. Ni da na ci Hausa a sakandare ban taɓa sanin baiti da ɗango za su yi mini rana ba, sai ga su sun biyo ni har Al Rayyan.

Akwai wata doka guda da ta fi sauran nauyi, kuma ta faɗa mini ita, ba zan yi mata ƙarya ba. In mai waƙa ya rufe baitinsa, sautin ƙarshen nan wutsiya ce ya bari. Abokin gasarsa dole ya kama wannan wutsiyar ya fara nasa baitin da ita. Duk wanda ya buɗe baki ya ɗauki wutsiyar, to ya shiga fage ke nan, sai ya cika takwas ɗinsa. Ta faɗa, na ce "to". Amma lokacin hankalina ba ya ɗakin.

Matsalata ke nan tun ina ƙarama, tafiyar hankali. Da Nonna ta fara rerawa a hankali, muryar nan tata mai rawa kamar zaren da iska ke kaɗawa, sai in ga bangon ɗakin ya yi baya. In ga duwatsu masu farin kai, in ga tumaki suna gangarowa cikin raɓa kowace da ƙararrawa a wuya, in ji ƙamshin hayaƙin itacen da ban taɓa sanin sunansa ba. Lokacin sanyin Doha ne, da safe wani farin hazo mai laima yakan taso daga teku ya lulluɓe unguwar, dogayen benayen can nesa su zama kamar a kan gajimare aka ajiye su. Sai in tsaya a taga da finjalin laifi a hannu, ban san ko a Qatar nake ba, ko a ƙauyen Nonna, ko a soron gidanmu. Ramatu takan ce wata rana sai na yi mafarkin har na faɗa tukunyar miya.

Ana nan sai labari ya zo cewa mahaifin wani abokin aikin Injiniya ya zo ziyara daga Italiya, kuma ɗan ƙauyen da ke bayan dutsen su Nonna ne, shi ma mawaƙin gasa. Ni da Ramatu muka sa masa Baba Jino. Aka shirya cin abincin rana ranar Juma'a a lambun gidan, za a gwada su biyun. Sati guda Nonna ba ta da zance sai wannan. Tana cin abinci tana ƙirga, ina shafa mata man zafi a gwiwa tana ƙirga. Na ga tsoro a idonta, irin nawa sak, shi ya ƙara sa na ji ta a raina.

Da safiyar ranar Injiniya ya kira ni, da Turanci kamar kullum. Ya ce aikina ɗaya ne: in tsaya a bayan kujerarta da ruwa, in na ga ta gaji in kai ta ciki. Na ce to. Na ma ƙara da rusunawa.

Mutum wajen ashirin ne suka zo. An jera tebura a ƙarƙashin furannin nan jajaye masu kama da takarda, rana ta yi laushi, iska na kawo ƙamshin lemun tsamin da ke cikin tukwane. Baba Jino gajere ne mai ƙaton ciki da hular ulu, a wannan ƙasar, kun ji fa. Bayan an ci an ƙoshi, baƙi suka raba musu abin da za su kare, don haka al'adar take: ita dutse, shi teku. Kowa zai yabi nasa ya kushe na ɗan'uwansa.

Nonna ta fara. Muryar ta yi rawa a ɗango na farko, sannan ta miƙe. Ina bayanta ina ƙirgawa a ɓoye a jikin butar ruwan, sha ɗaya, sha ɗaya. Ta rufe baitin ta bar wutsiya, Baba Jino ya cafke kamar mage ta ga kifi. Muryarsa babba ce, mai faɗi, yana jan ƙarshen kowane ɗango yana lanƙwasa shi. Kuma wannan lanƙwasar ce ta kai ni inda ta kai ni, don wallahi irin ta Islamiyyarmu ce.

Shekara shida ina 'yar amshi a Islamiyya. Duk walimar sauka mu ne a layin gaba da fararen hijabai, mai bayarwa tana tsakiya, mu muna karɓa. Malamarmu doka ɗaya gare ta: ba a barin mai waƙa a rataye. Da ta sauke ɗangon ƙarshe, kafin numfashinta ya dawo, amshi ya riga ya tashi. In kika yi jinkirin ƙiftawar ido, tsumagiya ce a idon sawu. Har abin ya bar kai ya koma jiki, kamar yadda hannu ke janyewa daga wuta ba tare da ya nemi shawara ba.

To Baba Jino yana rerawa, ni kuma na tafi. Lambun ya narke. Na ga rumfar walima, na ga tabarmi, na ji ƙamshin turaren wuta da na zoɓo mai citta. Sai kuma tumakin Nonna suka shigo rumfar ɗaya bayan ɗaya suka zazzauna a cikin iyaye mata, babu wanda ya kore su. Teku ya zo har bakin tabarma ya tsaya da ladabi. Ina jin daɗi irin wanda rabona da shi tun ranar da na hau jirgi.

Baba Jino ya sauke ɗangonsa na takwas, wani abu mai ƙarewa da "ana". Aka yi shiru.

Shirun nan na Nonna ne. Lokacinta ne na neman kalma, kuma a wurinsu ba abin kunya ba ne, jira ake yi, kowa ya san da haka. Kalma ce ta ɗan maƙale mata, leɓenta na motsi, yatsunta na ƙirga. Amma ni ba a wurinsu nake ba, ina Funtuwa a layin gaba. Abin da kunnena ya ji shi ne an bar mai waƙa a rataye. Idon sawuna ya tuna tsumagiya.

Sai na ji wata murya ta tashi, siririya, mai zaƙi, ta ɗauki ɗangon Baba Jino tun daga farkonsa har ƙarshe, ta lanƙwasa shi irin na walima, ta ja "ana" ɗin nan har sai da ya zaga lambun. Har na fara cewa a raina, kai, wannan yarinya ta iya. Sannan na ji maƙogwarona yana rawa. Na buɗe ido. Hannuna ɗaya na riƙe da buta, ɗayan yana kan kafaɗar Nonna, ina ɗan bubbuga mata kari.

Mutum ashirin suna kallona. Wata mata cokalinta ya tsaya a hanya. Nonna ta juyo a hankali ta ɗago kai ta dube ni, irin kallon da ake yi wa akuyar da ta shigo masallaci. Baba Jino kuwa ya cire hular ulunsa, ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna mini, sannan ya ɗaga yatsu bakwai.

A lokacin dokar ta dawo mini, da muryar Nonna da komai. Na ɗauki wutsiya. Na ƙwace wa tsohuwar da nake wa aiki fagen da ta yi sati tana shiri, kuma saura ɗango bakwai a kaina.

Na dubi ƙofar falo, ta yi nisa kamar Funtuwa. Na dubi Injiniya, fuskarsa ba ta ce komai ba. Na ce da Turanci, a yi haƙuri, kuskure ne. Baba Jino ya girgiza kai yana murmushi, yatsun na nan a sama. Wani ya ce in yi da harshenmu, ai ba komai, sauti ake bi. Nonna ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya ta ce, "Kin ɗauka. Ki sauke."

Mai hankali kuka zai fashe da shi a ƙyale shi. Ni sai na ajiye butar, na ware yatsuna, na ce a raina ai babu mai jin Hausa a nan sai Ramatu, ko lissafin kayan miya na rera wa zai sani. Abin da ya fara zuwa bakina shi na saki:

Wayyo jama'a kaina ya ɗau zafi,
Ni ban iya ba, ni baƙuwar bana,
Ƙafafuna biyu ba su da ƙarfi,
Ni da Nonna muna riƙon amana,

Nan na tsaya. Ku duba ramin da na haƙa wa kaina. Na riga na ce zafi, na ce ƙarfi, dole ɗango na gaba ya ƙare da "fi". Hausa cike take da su, yanzu da nake zaune lafiya zan iya jero muku ashirin, ga rufi, ga tafi, ga kifi ma da ya dace da teku. Amma a tsaye a gaban mutum ashirin, kaina fayau, kalma ɗaya ce tak ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi matsawa. Na kore ta, ta dawo. Yatsuna sun riga sun fara ƙirga. Sai na ji na ce:

Kullum a ɓoye nake ba ta kofi,
Ba da mugunta ba, Allah ne shaida,
Don Allah kar a mayar da ni gida.

Daga ƙofar kicin na ji wani sauti kamar an taka kaza. Ramatu ce, ta toshe baki da tsumma, kafaɗunta na girgiza.

Kafin kowa ya motsa, Nonna ta miƙe da sandarta. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ji "ida", wutsiya ce, kuma wannan karon ba ta bari wani ya riga ta ba. Ko fushi ne ya kwance mata harshe, ko me, Allah ya sani. Ɗango takwas ta zubo ba tuntuɓe, tana nuna Baba Jino da sanda, baƙi suna dariya suna buga tebur. Ya mayar, ta mayar. Ni ina tsaye a baya ina ta hamdala a zuci, ina cewa na tsira, asirina ya fita amma ya fita da harshen da ba mai kama shi.

Da aka gama aka yi tafi, sai matar nan mai cokali ta ce, to yarinyar fa, me ta ce a nata? Aka juya neman Ramatu. Ramatu ta zama iska, sai ƙarar famfo kawai ake ji daga kicin.

Injiniya ya goge bakinsa da hankici, ya ninke shi, ya ajiye. Ya dube ni, karo na farko tun zuwana gidan da ya dube ni sosai. Sannan ya ce, da Hausa, tsaf, har da karin harshen Kaduna:

"Kullum kika ce? Ko ranar Juma'a ana hutu?"

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashina an bar ni a tsaye a kan iska. Furannin suka yi ta juyawa. Ina ji yana fassara musu ɗango bayan ɗango, a natse, kamar mai karanta takardar awo. Da ya zo kan kofin, lambun ya ɗauka da dariya, Baba Jino har da share hawaye da hula. Nonna ce kaɗai ba ta yi ba, ta kafa wa ɗanta ido, shi ma ya kafa mata.

Bai bar ni haka ba. Ya ce, "Kin san abin da kika yi wa amshi?" Na girgiza kai. Ya ce, "Baba Jino cewa ya yi dutse tsohuwar tunkiya ce da ulunta ya ƙare. Da Mama yake." Wato abin da na rera ke nan da muryar walima, a saman kanta, ina bubbuga mata kafaɗa.

Ban san yadda na kai ɗakina ba. Na yi la'asar ban tabbata raka'a nawa na yi ba, na sake. Na janyo akwati na fara zuba kaya, sannan na kira Yaya Zulai. Ta saurara har ƙarshe, sai na ji numfashinta yana fita wani iri.

"Yaya, dariya kike yi?"

"Wa? Ni? Tari ne. Ke yanzu duk kalmomin duniya ki rasa ta faɗa sai kofi? Ba ga laifi nan ba, shi ma ai da 'fi' ya ƙare, kuma shi kika yi."

"Yaya, korata za su yi. Me zan ce wa Dakta?"

"Dakta ki bar mini shi. Ke dai gobe in an kira ki, ki faɗi gaskiya. Ko da yake kin riga kin faɗe ta, har da kari."

Washegari da safe Injiniya ya kira ni falo. Na tsaya a bakin kafet, na riga na sa takalmin tafiya.

"Zauna," in ji shi. "Shekara tara na yi ina aiki da leburori a ƙasarku. Su suka koya mini, don haka zagi na fi iyawa."

"Yallaɓai, ban san kana ji ba."

"Ba ki tambaya ba." Da ya sake magana babu wasa a muryarsa. "Da wani abu ya same ta fa? Ina wurin aiki, ke kaɗai da ita, likita ya tambaye ni me ta sha, in ce ban sani ba?"

Gaskiyarsa ce, kuma wannan ta fi dariyar jiya ciwo. Na ce na yi kuskure, na tuba, duk hukuncin da ya yanke daidai ne. Hawayen da suka ƙi zuwa lokacin da za su yi mini amfani sai yanzu suka zo.

Ya daɗe yana juya wayarsa a hannu. Ya ce biyun da aka kawo kafin ni ba su taɓa karya doka ko ɗaya ba, kuma mahaifiyarsa ba ta taɓa sanin sunayensu ba. Ya ce jiya baiti shida ta yi a tsaye, rabonsa da jin haka tun babansa na da rai. Ya ce ba wannan ne ya wanke ni ba, kar in ɗauka haka.

"Zan sabunta," in ji shi. "Amma daga yau kofin da aka cire wa ƙarfi za ta sha, na yi magana da likita. Kuma duk abin da ta roƙe ki wanda aka hana, ki zo ki faɗa mini. Da baki kawai. Ba sai kin tara mutane kin rera ba."

Na ce na gode sau nawa ban sani ba. Na fita da baya har na yi karo da Ramatu, wadda wai goge madubin da ke bakin ƙofa take yi.

"Khalas, magana ya ƙare, mawaƙiya," in ji ta. "Je ka kwance akwati."

Nonna kwana biyu ba ta yi mini magana ba. In miƙa magani ta karɓa tana kallon taga. A rana ta uku na kawo mata sabon kofin, ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce wannan ruwa ne da kofi ya wuce ta gefensa. Sannan ta nuna mini kujera ta ce in maimaita baitina. Na maimaita, murya ƙasa ƙasa, ita tana ƙirga a yatsuna. Sha ɗaya duka, ba ta sami ko ɗaya da ya gaza ba, na ga hakan ya ɗan ɓata mata rai. Bana da amana, ta ce sun yi. Shaida da gida, ta gyaɗa kai. Amma zafi da ƙarfi da kofi, ta ce guragu ne, ƙarshen kawai ya yi kama, a wurinsu sai sautin ya dace tun daga inda murya ta danna.

Na ce a wurinmu gaɓar ƙarshe ta isa.

Ta ce, "To kin tona mini asiri, kin raba ni da kofina, kin ce mini tunkiya a gaban mutanen bayan dutse, kuma duk a kan gurgun amsa-amo."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba haƙuri take so ba, gyara take so, in je in nemo uku masu ƙafa biyu. Har yau ina nema.

Abin da na koya bai da yawa. Ba kowane shiru ne yake neman a cike shi ba, wani na mai shi ne, ya fi ki sanin abin da yake jira. Kuma hankalina dai ba zai daina tafiya ba, na gwada, ko yanzu da nake rubutun nan sau biyu ina zuwa duwatsu ina dawowa. Don haka na daina dogara da shi. Yanzu kullum akwai dabino a aljihuna. Ko a gida, ko a mota, ko a walimar 'yan unguwar su Yaya, da na ji wani ya ja numfashi zai fara waƙa, sai in jefa guda biyu a baki.